Takwas da biyu, da azumi a baki

Ranar Lahadi ce, 28 ga Agusta 2011, azumi ya zo gangara, teloli a Tudun Wada ba sa ko ɗaga kai saboda ɗinkin Sallah. Muna idar da La'asar muka cika gidan kallon unguwarmu, rumfar kwano ce mai benci-benci da talabijin biyu, janareta yana ta ruri a bayanta, naira hamsin a bakin ƙofa. Manchester United ce ta karɓi baƙuncin Arsenal. Mu 'yan Arsenal tun daga gida jikinmu ya ba mu, don a watan nan aka sayar da Fabregas ga Barcelona, aka sayar da Nasri ga Manchester City, sauran kuma rabi suna jinya. Amma ba wanda ya kawo abin da ya faru a ransa.

Welbeck ya fara jefa mana ɗaya. Aka ba mu fanareti, muka miƙe tsaye, Van Persie ya buga, De Gea ya ture. Ko zama ba mu gama yi ba Ashley Young ya lanƙwasa ta biyu. An tafi hutun rabin lokaci uku da ɗaya, muna ta lallashin juna cewa ai da sauran wasa. Da aka dawo sai abin ya zama kamar an ɓalle bakin rafi. Rooney ya cika uku shi kaɗai, Nani ya ci, Park ya ci, aka kori Jenkinson, Young ya rufe da ta takwas. Ga ƙishirwa, ga zafin kwano, ga ihun 'yan Man U a cikin kunne. Na fito ban ko tsaya neman canjina ba.

Ana kiran Magariba sai ga yaro da sallama, wai an aiko shi wurina da kayan buɗa-baki. Wani tela ne abokina, ɗan Man U na gani-kashe-ni, ya aiko. Na buɗe kwano: ƙosai takwas, dabino biyu. Na cinye, don yunwa ba ta san gori ba.

Ba don in ba da dariya na kawo labarin nan ba. Na kawo shi ne saboda abin da kawuna, yayan mahaifiyata, ya ce da ni a daren. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari, Allah Ya jiƙansa. Ya ga na zauna jugum bayan Asham, ya tambayi dalili, yara suka riga ni ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan nan, da aka ci ku takwas ɗin, an rushe kulob ɗin ne?" Na ce a'a, Kawu. "'Yan wasan fa, za a biya su albashinsu a ƙarshen wata?" Na ce sosai ma. "Kuma wasa na gaba za su fito su buga, ka zauna a nan Zariya ka gani da idonka?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Ashe ba abin da ya same ka. Tashi ka miƙo mini buta."

A lokacin haushi na ji. Na ɗauka tsoho ne kawai bai san ƙwallo ba. Ashe ni ne ban sani ba.

Kawu ɗan Ranchers Bees ne tun ana kiranta DIC Bees. Yaran yanzu in ka ambaci sunan sai su zaci kamfanin zuma ne, alhali ƙungiyar nan ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙalubale ta Afirka a 1988, ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ce ta hana ta kofin. Shekara ta zagayo, a 1989, ta ɗauki kofin WAFU na Yammacin Afirka. A cikinta Daniel Amokachi ya fito yana ɗan saurayi kafin ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Kawu yakan ce ranar wasa tun da hantsi suke haɗuwa su cika mota zuwa Kaduna, su dawo cikin dare murya a dishe, washegari kowa ya kama aikinsa. Wanda bai samu zuwa ba yana manne da rediyo. Daga baya ƙungiyar ta yi ta gangarawa, ta faɗo daga babbar gasa, aka daina jin ɗuriyarta a rediyon ma. Kawu bai sauya ba. Har ya tsufa in ya haɗu da wanda ya fito daga Kaduna sai ya tambaye shi, "Yaran nan kuwa suna bugawa?" Galibi wanda aka tambaya bai ma san waɗanne yara ake nufi ba.

Wannan shi ne fari na gaskiya. Abin da mu 'yan gidan kallo muke kira shekarun wahala, mu riƙa bugun ƙirji da shi a majalisa, in aka ɗora shi a sikeli da na su Kawu ko rabin awo ba zai kai ba.

Bari in fara da kaina, kada a ce na taka nawa laifin na hango na wani. Ni Kanu ne ya kai ni Arsenal, kamar dubban 'yan Najeriya. A Oktoban 1999 Chelsea tana gaba da ci biyu da nema a gidanta, ana ruwa, Kanu ya rama uku shi kaɗai a cikin minti goma sha biyar na ƙarshe, ta ukun daga wani lungu da ko a mafarki ba a cin ƙwallo daga nan. Tun ranar na shiga ban fita ba. Na ga kakar 2003 zuwa 2004 da aka ɗauki Firimiya ba a ci mu wasa ko ɗaya ba, na ga wasa 49 a jere ba rashin nasara. Sannan na ga abin da ya biyo baya. Daga kofin FA na 2005 sai da aka shekara tara ba a ɗaga komai ba. A 2006 a Faris, a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da Barcelona, aka kori golanmu Lehmann tun da wuri, Campbell ya ci mana, muka riƙe har kusan ƙarshe, Eto'o da Belletti suka ƙwace. A Fabrairun 2011, wasan ƙarshe da Birmingham, ɗan'uwanmu Obafemi Martins ne ya tsinci ƙwallo a bakin raga ya tura, ya yi ta alkafura muna kallo. Ranar da kocinmu Wenger ya cika wasa dubu, a 2014, Chelsea ta yi masa tukwici da shida ba ko ɗaya. Bayern ta haɗa mana goma da biyu gida da waje a 2017. A Baku a 2019, a wasan ƙarshe na gasar Europa, Chelsea ta sake ba mu huɗu da ɗaya, ɗayar ma Iwobi ne ya fitar da mu kunya. Duk na haddace su kamar karatun allo, kuma in ana musu nakan jero su don a san ba yau na fara ba.

To amma a duba da kyau. A shekaru taran nan da muke kira na yunwa, Arsenal ba ta taɓa gama Firimiya ƙasa da ta huɗu ba. Kowace shekara tana gasar Zakarun Turai. Sabon filin Emirates ta tare a 2006, bashin gininsa ne ma ya sa ake sayar da manyan 'yan wasa ana sayo yara. Mafi munin abin da muka gani shi ne na takwas a tebur, a 2020 da 2021, a gasar da duniya duka take kallo. Wannan ai ba yunwa ba ce, mai kuɗi ne ya kwana bai ci nama ba. Kuma me haƙurin ya ci mana? Naira hamsin ta shiga, da jure tsokanar mai shayi da safe. Ba mu taɓa tashi muka ji an ce kulob ɗin ba shi da kuɗin motar zuwa wasa ba. Ba mu taɓa neman sakamakon wasansa muka rasa wanda zai faɗa mana ba.

Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu dai miyarmu ba ta taɓa ƙarewa ba, gishiri ne ya ɗan yi kaɗan.

Ko a can Ingilan akwai waɗanda tasu ta ƙare ƙaf. Leeds ta faɗi daga Firimiya a 2004, ba ta dawo ba sai 2020, har rukuni na uku ta leƙa, mutanen garin kuma ba su daina zuwa fili ba. Portsmouth ma, inda Kanun namu ya ci ƙwallon da ta ba su kofin FA a 2008, bashi ya durƙusar da ita har ta gangara rukuni na huɗu, a 2013 magoya bayanta suka yi karo-karo suka saye ta don kada ta mutu. A Zariya akwai waɗanda suka sayi rigar Portsmouth saboda Kanu, na gan su da idona a PZ. Da ta faɗi ko mutum ɗaya ban ji ya sake ambatonta ba. Ban ga laifinsu ba, ba garinsu ba ne. Tambayar ita ce, namu na garinmu fa?

A 2010 Kaduna United ta doke Enyimba ta Aba a bugun fanareti ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa. Enyimba fa, wadda ta ɗauki kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Ina Zariya a ranar, kuma na rantse ban ji ƙarar babur ɗaya na murna ba. Shekara biyu bayan nan, daren da Chelsea ta ci Bayern a Munich, ba a yi barci ba daga Kwangila har Samaru, 'yan acaɓa suna ta wasa da rayukansu a kan titi. Kaduna United ta zo ta faɗi daga babbar gasa bayan 'yan shekaru, ba wanda ya yi mata zaman makoki, don ba wanda ya yi mata biki tun farko.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha bayar da ita. Za a ce gasar gida ce ta kori mutane da kanta. Akwai gaskiya a ciki, ba kaɗan ba. An daɗe ana wasa a kan cewa mai gida ba ya faɗuwa a gidansa, baƙo in ya tsira da canjaras ya gode Allah, alƙalin wasa kuma in ya busa abin da bai yi wa 'yan kallo daɗi ba sai 'yan sanda sun fitar da shi. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, in gwamna mai son ƙwallo ne a ga haske, in ya sauka a koma bin bashin albashi. Ga rashin nuna wasa a talabijin yadda ya kamata, ga filin da ƙwallo take tsalle kamar kwaɗo. Magidanci mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki ɗansa ya kai shi inda ake iya jifa da dutse. A gidan kallo kuwa hoto tar, wasa a kan lokaci, in an tashi kowa ya kama gabansa. Sannan mu a Zariya muna da ƙarin uzuri: ba mu da babbar ƙungiya a cikin gari, sai mun yi tafiyar kilomita wajen tamanin zuwa Kaduna, da kuɗin mota na yau da kuma halin da hanya takan shiga.

Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa faɗin wannan kamar daga sama lalacewar ta faɗo, mu kuma muna gefe hannunmu tsaf. Ƙungiyar da ba mai zuwa kallonta ba ta da kuɗin ƙofa, wadda ba ta da kuɗin ƙofa dole ta zauna a bakin ofishin kwamishina da ƙoƙon bara, wadda take bara kuwa ba mai tambayar yadda aka kashe kuɗinta, don masu tambayar suna gidan kallo suna zagin Kroenke, mai kulob ɗin Arsenal. Na ga mutanen da suka shekara suna rubuta a Facebook cewa Wenger ya tafi, suka san albashin kowane ɗan wasa a Landan da fam da sule, amma ba su san sunan kocin ƙungiyar jiharsu ba. In masu natsuwa suka ƙaurace wa fili, wa zai rage a ciki in ban da masu jifa? Mun janye ƙafa saboda abin ya lalace, abin kuma ya ƙara lalacewa saboda mun janye ƙafa. Wenger ya saka mana yara a Old Trafford, gidan Man U, aka yi mana takwas, muka ce a yi masa uzuri, yana gini ne. Yaran Kaduna aka ci su biyu a Aba bayan sun kwana a mota, muka ce ai ƙwallon Najeriya ba ta kalluwa.

Dole a nan in yaba wa Kanawa, ko da yake Bazazzagi bai saba yabon Bakano a bainar jama'a ba, kuma ina roƙon kada su ɗauka na sallama musu a sauran al'amura. Kano Pillars ta ɗauki gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 a nan filin Ahmadu Bello na Kaduna ta ci Niger Tornadoes a fanareti ta ɗauki kofin ƙalubale. Wannan duk lokacin miya ne, kowa ma zai ci tuwo. A 2022 ta faɗi daga babbar gasa, kuma rigimar 'yan kallonta tana cikin abin da ya jawo aka zabtare mata maki, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma da ta faɗi, kirarinta na "Sai masu gida" bai mutu a bakin mutane ba. Ba su koma sun ce ai dama su 'yan Madrid ne ba. Shekara ɗaya ta yi a ƙasa ta dawo. Ahmed Musa, wanda ya buga Firimiya da Leicester, ya ci ƙwallaye a gasar cin kofin duniya biyu, ya dawo ya sa rigar Pillars, saboda akwai jama'ar da zai dawo wa. Bakano yana kallon Barcelona da daddare, amma yana da Rabi'u Ali na Pillars da la'asar. Biyun ba su hana juna ba.

Haka mutanen Inugu. Rangers ta ɗauki gasa a 1984, ba ta sake ba sai 2016. Shekara 32. Wanda aka haifa a shekarar wancan kofin ya yi aure ya haihu kafin ya ga na gaba. Ɗan Liverpool da yake mana gorin ya jira shekara talatin daga 1990 zuwa 2020, a tambaye shi a wace shekara ya fara goyon bayan, sau da yawa za a tarar bayan daren Istanbul na 2005 ne, da ta ɗauki kofin Zakarun Turai.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ƙwallo ce fa, nishaɗi ne, kowa ya kalli abin da ya yi masa daɗi. Ni ma ban ce a rufe gidajen kallo ba, kuma in an rufe ni zan fara kuka. Gidan kallo ya yi mana rana a garin nan. Bayan rikicin zaɓen 2011, lokacin da mutane suke ɗari-ɗari da juna, ina ganin benci ɗaya a Sabon Gari ya ɗauki Bahaushe da Ibo da Bayerabe, ba abin da ya haɗa su sai baƙin cikin tsaron bayan Arsenal. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da yake damuna shi ne kirarin da muke wa kanmu. Muna cewa mu masu amana ne, ba ma gudu ranar wuya, alhali amanar ba a taɓa gwada ta a inda za ta ci mana wani abu ba. Inda aka gwada ta, a Kaduna, a filayen unguwanninmu, mun gudu tun ba a kai ko'ina ba.

Na baya-bayan nan ma sun fi mu sauƙin kai. Yaro zai ce maka shi ɗan Ronaldo ne, ya bi shi daga Madrid zuwa Juventus zuwa Man U har Saudiyya, kulob ko oho. Wani kuma ba ɗan kowa ba ne sai takardar cacar da ke aljihunsa, yana murna a ci ƙungiyar da ya ce tasa ce in dai tikitinsa zai shiga. Da ina yi musu faɗa. Yanzu na rage, don na lura daga wurinmu suka koya cewa ana bin inda haske yake ne, su dai sun fi mu gaskiya ne kawai ba sa ɓoyewa.

Kwanaki ɗana na fari ya dame ni sai na je na ga wasansu. Ƙungiyar unguwa ce, suna gasar share fage da wasu yara daga Gyallesu, a wani fili na makarantar firamare, turakun raga na ƙarfe ba ko raga a jiki. Kocinsu wani bakanike ne, shi yake sayen ƙwallo da ruwan leda daga aljihunsa, rigunan kuma gwanjo ne na wata ƙungiyar Jamus da ba wanda ya iya karanta sunanta. An taru ba laifi, har da masu rake da mai gyaɗa. Akwai wani ɗan siriri mai lamba takwas a wajen su Gyallesu, ƙafar hagu gare shi, in ya karɓi ƙwallo sai ka ji fili ya yi tsit. Na tambayi na kusa da ni sunansa, ya ce bai sani ba, Ozil suke ce masa.

Ana cikin zagaye na biyu, ɗaya da ɗaya, sai na ga mutane suna zamewa da ɗai-ɗai da bibbiyu. Na duba waya, biyar da rabi ta kusa, Arsenal za ta shiga fili. Kocin ya waiga ya ga bayansa ya yi fayau, bai ce komai ba, ya ci gaba da yi wa yaransa tsawa su koma baya. Na tsaya na ƙara minti biyar, ina jin muryar Kawu a kaina. Sannan na ɗaga wa yaron hannu daga nesa, na nuna masa agogo, na tare ɗan acaɓa.

Da daddare ya shigo da takalmansa a hannu, ƙafa duk ƙura. Na ce yaya aka tashi? Ya ce, "An ci mu biyu da ɗaya, Baba. Ku fa?"